Ranar da na kawo 'yan tele ƙofar ɗakin awo

Ina da shekara arba'in da bakwai na fara riƙe alƙalami. Ajin manya ne a wata lakwal, wato makarantar boko, ta unguwarmu, nan Zangon Kwatano. Idan yara sun tashi bayan la'asar sai mu hau bencinansu, gwiwoyinmu na dukan tebur. Shekara uku na yi. Na fito ina karanta takardar wuta da ta ruwa da kaina, ina sa hannu ba dangwale ba, kuma ina iya yi wa ɗan zemijan, mai babur ɗin haya, masifa da Faransanci har ya rasa ta cewa. Abin ya hau mini kai. Na faɗi wannan tun farko don a san ta inda ɓarnar ta shigo.

Ina da aminiya mai suyar waina a kusurwar layinmu. Na girme ta da shekara shida, shi ya sa take ce mini Yaya, amma tun muna 'yan mata muke tallan goro tare a kasuwar Tokpa-Hoho. Wata rana da hantsi, bayan ta sauke tanda, ta shigo shagona na atamfa ta ja ni bayan labule. Ta kama hannuna ta cusa ƙarƙashin rigarta, ta ɗora a nononta na hagu. Na ji abu kamar ƙwallon dabino, mai tauri, ba ya motsi.

Na ce, "Tun yaushe?"

Ta ce, "Tun kafin azumi."

"Ɗauko mayafinki mu tafi asibiti."

"Yaya, ki rufa mini asiri. In aka gan ni a layin masu wannan ciwo, wa zai ƙara cin wainata? Ga 'yata an sa mata rana. Kin san dangin yaron, cewa za su yi abin gado ne."

Na zage ta tas. Na ce mata sakarya, na ce waina ba ta bin mutum kabari. Ta bari na gama, sannan ta sa ni na rantse ba zan gaya wa kowa ba. Na rantse. Wanda bai zauna cikinmu ba zai ce wauta ce, amma a Zango mace ta fi ɓoye ciwo a kan talauci. Za ta ɗaura zani mai tsada a kan gyambo ta je biki ta yi rawa.

Na yi kwanaki abin na cin raina, sai dabara ta faɗo mini. Na koma na same ta tana wanke tanda, na ce, "Akuya ɗaya a fili kowa ya gan ta. A cikin garke kuwa sai mai ita. In na sa aka zo aka auna matan Zango gaba ɗaya, za ki shiga layi kamar kowa?"

Ta zubar da ruwan wanke-wanke. Ta ce, "In kowa na ciki, zan shiga."

A ajinmu na manya wata ungozoma ta taɓa zuwa ta yi mana bayani, ta ce akwai ƙungiyar likitoci mata da ke bin unguwanni suna awon nono da hawan jini kyauta, sun yi a Ladji, sun yi a Placodji. Na nemo ofishinsu. Shugabarsu mace ce mai kirki, ba ta da laifi a wannan labari. Ta ce za su zo, ni dai in samo wuri, in tara mata, kuma in yi ƙoƙari a samu wani ɗan jarida, domin masu taimaka musu sai sun ga shaida. Har ta ƙara da cewa, "Ko radiyo ma ya isa, Hajiya."

Radiyon ba shi da wuya. Akwai mai shirin Hausa na rabin awa a wata tasha, ɗan unguwarmu ne, na aika masa ya ce an gama. Da na tsaya nan, da shi ke nan. Amma ni da na iya rubuta wasiƙa da Faransanci? Na ce sai tele, wato talabijin. Sai duk ƙasar ta ga cewa mu ma ba raguna da goro kaɗai muka sani ba.

Sau huɗu na kwafi wasiƙar kafin ta fita ba gogewa. Na hau zemijan na kai ta wani gidan tele. Mai gadin ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Alaja, aje takardar ki tafi, za a kira ki."

Na ce, "Ɗana, na san inda takardun da aka aje suke kwana. Cikinsu ake ƙulla mini ƙuli-ƙuli."

Safiya uku ina zuwa ina zama a dakalin ƙofarsu. A ta uku mai gadin ya gaji da ni, ya nuna mini da haɓa wani mai farar riga yana fitowa daga mota, shi ne mai raba wa 'yan jarida aiki. Na tare shi tun bai kulle motar ba. Ya karanta a tsaye, ya ce, "Zango? Mu ai ba ma zuwa Zango sai an yi gobara, ko in Layya ta matso mu ɗauki hoton raguna."

Na ce, "To wannan karon ku zo ku ɗauki mata. Ƙafarmu biyu ce kawai, amma ku yi haƙuri da mu."

Ya yi dariya har da dafa mota. Ya ce Asabar za su zo.

Su kuwa matan, ba radiyo ba ne ya tara su. Muna da wata tsohuwa da ke rabon goron suna da na biki, ita na ba goro da alawa, ta bi gida gida tana faɗa wa kowace a kunne. Aminiyata kuma ni na gaya mata da bakina: Asabar, in kin sauke tanda, ki biyo ta lakwal. Ban yi mata zancen tele ba. Ba ɓoyewa na yi ba. Wallahi ko a raina ban haɗa biyun ba, kuma wannan ya fi ɓoyewar muni.

Ranar Asabar muka toshe tagogin aji ɗaya da zannuwa, likitocin suka shiga ciki. Kafin ƙarfe tara layi ya kai bakin famfo. Mata ana ta shewa. Wata na ce wa 'yar'uwarta, "Ke me za a auna a jikinki, silifa biyu?" Ita kuma ta ce, "Silifan nan sun raini bakwai, naki fa?" Ban taɓa ganin abu ya tafi daidai haka ba.

Wajen sha ɗaya motar tele ta iso. Mai kamara ya zagaya yana neman inda haske ya fi, ya kafa ƙafafun abinsa daidai ƙofar ɗakin awon, bakin kamarar na kallon layi har zuwa ƙofar lakwal. Ya tsayar da ni a gaba, 'yar jaridar ta miƙo mini abin magana. Jawabin Faransancin da na kwana biyar ina haddacewa na shiga zubawa. Sau uku suka sa na maimaita, wai babur ya wuce, wai na kalli ƙasa. Da na gama na juya, layin ya koma rabi. Wannan ta tuna ta bar tukunya a wuta, waccan jikanta na kuka. Na bi su ina faɗa, wasu suka dawo bayan motar ta tafi, wasu ba su dawo ba.

Har aka kira la'asar ina tsaye a ƙofa. Aminiyata ba ta zo ba. Na tafi gida da fushi, na ce ta yi mini ƙarya, ba zan taka wurinta ba sai ta zo da kanta.

Washegari a labaran rana aka nuna mu. Maƙwabta sun cika mini ɗaki, ana guɗa, ana cewa Hajiya ta zama madam. Ga ni nan cikin leshi, bakina na motsi. A bayan kafaɗata kuwa, can bakin ƙofar lakwal, ga wata mace da koren mayafi, da kwanon waina a ka. Ta tsaya. Ta ja mayafin ta rufe rabin fuska. Ta juya. Duka bai kai a ƙirga biyar ba, kuma ba wanda ya lura sai ni.

Ko takalmi ban sa daidai ba na isa gidan aminiyata. Tana tsince shinkafa. Ta ce, "Na zo, Yaya. Kin ce garke. Ba ki ce za ki kira masu nuna garken har garin Parakou ba. Kin manta uwar yaron can take, kullum tana gaban tele?"

Na roƙe ta mu je asibiti mu biyu, ko a wata unguwa, ko a wani gari. Ta ce sai bayan biki. Bayan biki ta ce sai ta je arewa wurin gwaggonta, akwai mai magani. Ba ta ƙara yarda da wata dabara tawa ba, kuma ba ni da bakin ganin laifinta. Wata bakwai ta yi a can. Da ta dawo, tun daga ƙofar ɗaki na ji warin. Ranar ba ta yi gardama ba, na sa ta a tasi.

Likitan da ya duba ta ya fito ya tambaye ni me ya sa sai yanzu. Na tambaye shi, da an gani waccan Asabar ɗin, da ta tsira? Ya ce ba zai iya rantsewa ba, amma da akwai abin yi da yawa. Na so ya ce a'a.

Kwana goma sha ɗaya ta yi a gadon asibiti. Wata safiya ina shafa mata mai a ƙafa na ce ta yafe mini. Ta ce, "Haba Yaya, tun yaushe. Ai Faransancinki ya fita. Sai da na ɗan tsaya na saurara kafin na juya." Ta yi dariya, dariyar ta zama tari.

Ran Laraba ta cika, aka yi mata sutura kafin azahar. Kwana uku ina zaune kusa da 'yarta a tabarmar makoki, ga surukarta ta zo daga Parakou tana gefe. Duk wadda ta shigo ta yi gaisuwa sai ta matso kusa da ni, tunda an san ni ba na ɓoye magana, ta ce, "Hajiya, wai me ya same ta haka?" Ni kuma in ce zazzaɓi ne.