Haƙorin Makkan Mai Rake

Ba mu wuce shekara sha biyar ba lokacin da muka fara tura baron rake a kasuwar Mafara, ni da taubashina, ɗan goggona. Da safe muna gaban malam da allunanmu, hantsi na ɗagawa sai mu nufi wurin maigidanmu, wani dattijo mai sayo rake daga fadamun Bakura yana raba wa samari. Kowa da baronsa da wuƙarsa.

A sana'ar nan baki ne jari. Mai saye ba ya yarda da zaƙin rake sai ya ga mai raken yana sha a gabansa, ruwa na gangarowa a haɓa. A nan taubashina ya fi mu duka. Ba ya ma taɓa wuƙa, da haƙori yake ɓare rake, yana sha yana dariya, mutane na tsayawa don kallo kawai, su ƙare da saye. Wuni yake cikin zaƙi, kuma shi da asawaki sai ranar Juma'a. Goggo ta yi faɗa har ta gaji. Haƙorinsa na gaba ya fara baƙi daga gefe, ya ce goro ne, alhali bai taɓa cin goro ba.

Wata Talata, kasuwa ta cika, ya kai wa wata gaɓa cizo, sai muka ji ƙas. Rabin haƙorin ya zauna a jikin raken.

Daga ranar dariyarsa ta ɗauke. Idan zai yi magana sai ya kare baki da hannu kamar mai tari. Ko hoto za mu ɗauka a waya, sai ya tsuke leɓe kamar an yi masa rasuwa. Nakan hango shi ya laɓe bayan babur ɗin wani yana duba bakinsa a madubi. Ni kuwa, da yake wasan taubasai halal ne, kullum sai na tambaye shi ko ƙofar garin a buɗe take in shigo da barona. Abin da ya fi muni, ya daina shan rake a gaban mutane, masu saye suka ɗauka rakensa lami ne, suka koma wurinmu. Maigida ya gaya masa a fili cewa in Talata mai zuwa ya dawo da kaya yadda ya fita da su, zai ba wani baron.

Talatar ta zo, sai ga shi ya fito yana murmushi, wani abu na ƙyalli a bakinsa. Ashe takardar alawa mai ruwan zinariya ya samu, ya naɗe guntun haƙorin da ita, ya daddanne da farce har ta kwanta. Daga nesa ba ka ce ba haƙorin Makka ba ne, irin wanda alhazai ke dawowa da shi. Ban yi wata-wata ba na durƙusa na ce Alhaji barka da sauka. Kafin azahar duk layin 'yan rake Alhaji suke kiransa, shi kuma yana amsawa da ɗaga hannu, yana magana a hankali kada zinariyar ta motsa.

Bayan la'asar wani tsoho daga Damaga, wanda ya kawo awaki kasuwa, ya ji ana kiran Alhaji. Ya tsaya, ya jingine sandarsa, ya kama hannun taubashina da hannu biyu. Ya gaishe shi da gajiya, da gida, da iyaye, da hanya, bai bar komai ba. Sannan ya ce shi ya tsufa bai samu zuwa ba, ga yaro Allah Ya kira shi da wuri.

"Ɗana, idon da ya ga Ka'aba ba banza ba ne. Ka roƙa mini Allah Ya kai ni kafin in mutu."

Ya ɗaga tafukansa yana jira. Taubashina yana iya yi wa kasuwa wasa, amma ba zai yi ƙarya da ɗakin Allah ba, malam ɗaya ya karantar da mu. Ya dube ni, na dubi sama. Sai ya jawo sandar rake ya gatsa, ya tauna, ya tofar a tafinsa. Ga zinariyar nan a cukuikuye.

"Baba, ka yi haƙuri. Iyakar tafiyata Maradun. Wagga takardar alawa ce."

Tsohon ya duƙa ya leƙa tafin, ya ɗago ya leƙa bakin. Sai ya fashe da dariya, kuma a nan muka ga nasa bakin, fili fetal, sai wasu 'yan tsiraru can a kusurwa. Taubashina ya yi ƙoƙari ya daure, abin ya fi ƙarfinsa, ya saki tasa dariyar, hannu na riƙe da rake ba mai kare baki. Duk da haka tsohon ya sa ya yi masa addu'ar, muka shafa tare. Sannan ya ce raken da rabin haƙori ya iya, shi ma zai gwada, a fere masa mai laushi.

Kafin tsohon ya ɓace cikin jama'a taubashina ya samu sabon kiran talla: rake mai laushi, ko mai giɓi na sha. Yana faɗa yana wangale baki don shaida. Tsofaffin Garbadu da na Dakko suka zama nasa, baron kuma ya zauna a hannunsa.

Goggo ta kai shi asibiti daga baya aka gyara guntun, kuma tun lokacin ba ya alwala sai da asawaki. Bara Allah Ya nufe shi da aikin Hajji na gaske. Da na je taryarsa, kafin in gaishe shi sai da na ce ya buɗe baki in gani.