Salansar da Ta Yi Jawur a Hanyar Kadawa

Jiya salansar tsohuwar motar sojan da nake dakon tumatir da ita ta yi jawur a hanyar Kadawa. Bakaniken da na kira ko bonet bai buɗe ba. Ya ɗebo ruwan kanal a bokiti ya sheƙa mata, ƙarfen ya yi ƙara ya tsage. Tir! Tumatirina na can yana ruɓewa a rana.

Nan na tuna marigayi Baba, tsohon bakanikenmu na Kura. Ta taɓa yin haka a gabansa. Ya kwance fulogi, ya ga ya yi fari kamar alli, ya shinshina.

"Alhaji, yunwar mai take ji," ya ce. "Ku inda ya yi zafi kuke kallo, ni abin da ya kawo zafin nake nema."

Ya sa baki ya zuƙi tiyon mai, ya tofar da jar laka mai warin fetur, yana tsaki. Tun ranar ba ta sake ba, sai jiya.

Bakaniken jiya kuwa cewa ya yi, "Oga, ai motar ce ta tsufa."

Baba, Allah Ya sanyaya makwancinka. Mu kuma Ya raba mu da masu bokiti.