Ƙarfen da na iske ga bakin guga

Wallahi na wahala, jama'a! Kwana ukku ina biɗar ƙarfen da zan ɗaura ga mashin ɗina na yankan ƙarfe in yanka haƙoran aks, sandar nan mai juyawa cikin inji. Injin ban-ruwan wani Alhaji da aka kawo min gyara tsaye, albasa tana bushewa. Na duba garin Madawa babu, garin Buza babu!

Jiya na tsaya rijiyar garin Azarori in sha ruwa. Wata tsohuwa ta jawo guga. Mi zan gani? Irin ƙarfen nan da nike biɗa ɗaure ga bakin gugar!

Na ce, "Inna, wanga hwa?"

Ta ce, "Shi ka nutsar min da guga."

"Ki ba ni!"

"In ja ruwa da mi, da gemunka?"

Na ciro gudumata na ɗaura mata ga gugar maimakon ƙarfen. Guga ta nutse, Inna ta yarda.

Yau da sahe na kankare tsatsa, na yanka haƙoran, inji ya tashi. Wa ka ara min guduma?