Gorar Teku da Tiya Biyu na Iri

Shekarar da irin geronmu ya rage tiya biyu kacal, a tulu na zuba shi na liƙe bakin da laka. Ruwan farko ya sauka wata Laraba, ƙasa ta ɗauki ƙamshi. Washegari maigida ya shigo da sungumi a kafaɗa, ya ce in buɗe tulun.

Ni kuwa da safen nan, ina tankaɗe, na saurari mutumin meteyo, masu hasashen yanayi, a rediyo. Ya ce kada a yi gaggawar shuka, ruwan zai ɗauke kafin damina ta zauna. Mai shirin ya tambaye shi ta ina suka sani. Ya ce cikin abubuwan da suke dubawa har da wasu na'urori da ake saki a teku, suna yawo kamar gora a tafki, ruwa na kai su inda ya nufa. Suna auna ɗumin ruwa da nauyin iska, su aika wa tauraron ɗan'adam. Nan take na tuna taswirar da malaminmu ya zana mana a koleji: iskar da ke kawo mana damina daga tekun kudu take tasowa.

Na faɗa wa maigida. Ya yi dariya har ya jingine sungumin, ya tsokane ni da bokona.

"'Yar lakwal, gorar da ba ta taɓa zuwa Dungas ba ce za ta san gonata? Ko kasuwar Waca ba ta sani ba!"

"Malam, ruwa na Allah ne, ban musa ba. Amma hadarin ma ai ba ɗan Dungas ba ne. Ita gorar a ƙofar gidansu take zaune."

Ya leƙa waje, maƙwabta na ta wucewa gona. Ya ce in auna masa tiya ɗaya. Na auna, na mayar da laka kan sauran.

Shuka ta tsiro gwanin kyau, sai rana ta buɗe. Kullum in na kai masa fura sai in tarar tsiron ya ƙara lanƙwashewa. A ƙarshe ya ƙone ƙurmus.

Ranar da hadari ya sake haɗowa, ya tsaya bakin madafa yana sosa ƙeya.

"To, yau me gorarki ta ce?"

"Ta ce a shuka, in Allah ya yarda."

Na ɓare lakar, ya yi bisimilla ya karɓa. Geron tiyar nan muka ci a shekarar.