Ruwan da Shanu Suka Ƙi

Tun da Turawa suka yanka hanyar mota ta bayan Tambuwal, suka datse ƙoramar da ke cika tafkinmu, ruwa ya dinga ja da baya. Dutsen da nake wanki a kai ina amarya ya koma tsakiyar busasshen laka. A ɗan abin da ya rage majema ke jiƙa fatu. Sai kuma duba-gari ya zo ya tuttula baƙin mai a ciki, wai maganin sauro. Maigidana ya koro shanu, suka shinshina, suka juya, dole ya wuce da su gulbi. Ni kuwa na ture man da gindin ƙwarya, na cika tulu. Shi na ba 'ya'yana suka sha.