Ranar da Aka Cire Na'urar Malam

Ba zan taɓa manta yammacin da muryar maigidana ta ɓace mini ba. Muna cikin zaman makokinsa a Gummi, gida cike da dangi daga ƙauye, inda babu lantarki. Kowa ya zo da wayarsa a mace.

Malam, maigidan nawa, ya bar wata 'yar na'ura a jikin soket, firinji da wayoyinmu duk ta cikinta suke samun wuta. Ban taɓa tambayarsa aikinta ba. Wayarsa na jone a nan, a cikinta akwai karatun Alƙur'ani da ya ɗauka da muryarsa. Shi nake saurare in samu sauƙi.

Bayan la'asar aka kawo wuta. Ƙwan lantarki ya yi haske fiye da kima, fanka na gudu kamar za ta tsinke, amma na'urar ta nuna ja, ta ƙi sakin wuta.

Kawun Malam ya ce, "Wagga aba ta mutu, ɗiyata. A hidda ta mutane su yi caji."

Na ce, "Kawu, Malam bai taɓa cire ta ba."

Ya ce, "Ga wuta kamar rana, mi muka jira?"

Ni ma gani nake ta lalace. Aka zare ta, aka jona komai kai tsaye. Sai ƙara, sai ƙauri. Firinji ya yi shiru. Na ɗauki wayar Malam, ta yi zafi, na danna, na sake dannawa, ba ta kunnu ba. Na kasa gane yadda wuta mai kyau haka za ta yi ɓarna.

Washegari mai gyara ya duba na'urar, ya ce lafiyarta ƙalau. Wutar ce ta zo da ƙarfin da ya wuce kima, ita kuwa aikinta ta tare ta har ta daidaita, ta ɗan jira, sannan ta buɗe. Ya ce in zan sayi wata, in nemi mai katsewa in wuta ta yi yawa ko ta yi ƙasa, mai nuna lambar ƙarfin wuta, wadda za ta ɗauki nauyin firinji.

Firinji ya gyaru. Wayar ba ta tashi ba. Ban riƙe Kawu a raina ba.

Yanzu in ta nuna ja, zama nake in jira. Kuma na koya wa 'ya'yana dalili, don in an tambaye su ba na nan, su sami abin faɗa.