Tafin ƙafar Yaya Sabo

Shekara tara ke nan cif da muka kai Yaya Sabo makwancinsa a Ikara, amma har yau in na ji mota tana karkarwa sai gabana ya faɗi.

Bakanike ne, yayana uwa ɗaya uba ɗaya. Ba ya buɗe bonet sai ya shiga motar tukuna. Zai tuɓe takalmi, ya aza tafin ƙafarsa a ƙasa, ya ce wa direba, "Taka totur kaɗan-kaɗan." In rawar a sitiyari take, ya tura ka wajen masu taya. In daga ƙasa take tasowa lokacin da ake ɗan takawa, to sai ya shiga ƙarƙashi ya girgiza farfela, dogon ƙarfen nan da ke juya tayoyin baya. Ba abin da ya tsana kamar direban da zai ƙara wuta don rawar ta lafa, ya ce ai ta warke.

Ranar da abin ya faru, bas muka shiga tare za mu kasuwar Makarfi. Ba mu yi nisa ba na ga ya zare takalmi. Can ya ce, "Direba, don Allah tsaya, farfelarka za ta tsinke."

Fasinjoji suka yi masa ca, wai zai sa kasuwa ta watse ba su. Kunya ta kama ni, na taɓa shi na ce, "Haba Yaya, bar mutane su yi tafiyarsu mana."

Ya kalle ni, ya mayar da takalminsa. Direba ya danna totur, rawa ta lafa, har wani ya yi dariya. Farfelar ta tsinke, ta caki kwalta, motar ta wuntsila. Mu muka tashi da ƙujewa. Shi bai tashi ba.

Me zai ce da ya ga kanikawan yanzu? Kwanan nan a Kudan aka jona wa motata kwamfuta saboda tana karkarwa, aka sake filogi, aka sake taya, ba wanda ya ce mu zaga ya ji. Tir! Da ƙafata na gano kuros, wato mahaɗin farfela, ne ya ci.

Garejinsa ya zama shagon cajin waya. Abin da ya rage na Yaya, Allah ya jiƙansa, shi ne wannan ƙafar tawa. Kowace bas na shiga sai na tuɓe takalmi. Sau biyu ina jin irin rawar nan, ina sauka a tsakiyar hanya ana yi min kallon taɓaɓɓe. Ban ji haushin kowa ba. Duk wanda ya ce min, "Haba Malam," muryata nake ji.